Kafin agogon kwamfuta ya cika a 2042, a koma ga littafin jagora

Wanda ya turo kuɗi daga Landan zuwa Kano ba ya tunanin ƙarfe nawa kwamfuta ta rubuta a kan rasidinsa. Ana iya cewa ba ruwansa, sai ranar da aka sami saɓani, banki ya ce kuɗin sun shiga ranar Litinin, shi kuma ya rantse ranar Lahadi da dare ya aika. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila da na Najeriya ɗaya ne. Sauran watannin kuwa akwai tazarar awa guda. Wannan awa ɗaya ta isa ta mayar da ciniki daga wata rana zuwa wata, ko daga lissafin wannan wata zuwa na gaba.

Har yau da yawa daga manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama da na inshora sun dogara ne da manyan kwamfutocin nan na IBM, waɗanda asalinsu ya faro daga System/360 na shekarar 1964. Agogon da ke cikinsu bai san Kano ba, bai san Landan ba. Ƙirge kawai yake yi. Yana lissafa kashi ɗaya cikin miliyan na kowane sakan, tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1900 a agogon duniya na UTC. Bambancin da ke tsakanin wannan ƙirge da agogon garin da na'urar take, a wani wuri dabam ake ajiye shi, kuma ana canza shi duk lokacin da ƙasa ta matsar da agogonta.

A nan mai rubuta manhaja yake faɗawa rami. Idan ya ɗauko lokacin wani ciniki da aka yi a watan Yuli, ya lissafa shi da bambancin watan Disamba, zai sami kuskuren awa guda, kuma na'urar ba za ta yi masa gargaɗi ba. A birnin New York, ƙarfe 1:30 na daren Lahadin farko ta Nuwamba sau biyu take zuwa, domin da ƙarfe 2 ake mayar da agogo baya. Manhajar da ta ajiye lokacin gari kaɗai ba za ta iya faɗin wane ciniki ya riga wani ba.

Bayanin yadda agogon yake ƙirge yana rubuce a littafin IBM mai suna Principles of Operation, mai shafuka fiye da dubu, da sauran littattafan jagora na tsarin z/OS. A cikinsu ne mutum zai gano cewa wannan ƙirge yana da iyaka. Ranar 17 ga Satumban 2042 gurbinsa zai cika, ya koma sifiri. Kamfanin ya daɗe da samar da wani faffaɗan gurbi da zai wuce wannan rana, amma tsohuwar manhajar da ke amfani da gurbin farko ba za ta gyara kanta ba. Sai wani ya zauna ya bi ta layi-layi, da littafin a gefensa.

Ra'ayinmu shi ne, wannan zama da littafi aiki ne da ya kamata a girmama, a kuma biya masu yin sa. Yanzu an saba da gaggawa. Matashi ya ci karo da matsala, ya kwafo amsa daga intanet ko daga manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ga ta yi aiki yau, ya wuce. Kuskuren lokaci kuwa ba ya bayyana ranar da aka yi shi. Yana jira sai daren canjin agogo ko ƙarshen shekara. Duniya ta ga haka a gabanin shekarar 2000, lokacin da aka riƙa neman tsofaffin masana COBOL ruwa a jallo. An sake gani a Afrilun 2020, da gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya wannan harshe na 1959 domin tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Gwamnatoci ma suna da nasu laifin. Amurka ta zartar da dokar tsawaita agogon bazara a 2005, ta fara aiki a 2007, masu gyara suka sami lokaci. Lebanon kuwa, a Maris ɗin 2023, kwanaki kaɗan kafin ranar canji ta sanar da ɗage shi saboda azumi. Ƙasar ta kwana da agogo biyu, har gwamnati ta janye. Sudan ta mayar da agogonta baya da awa guda ranar 1 ga Nuwamban 2017, don haka duk manhajar da ke lissafa tsohon ciniki da Khartoum dole ta san kafin wannan rana ne ko bayanta.

Najeriya da Nijar ba sa canza agogo, amma kuɗinmu da tikitin jirginmu suna ratsa na'urorin ƙasashen da ke canzawa. Saboda haka bankunanmu su tambayi masu sayar musu da manhaja, a rubuce, ko da UTC suke ajiye lokaci. Jami'o'inmu kuma su koya wa ɗaliban kwamfuta karanta littafin jagora daga tushe, kamar yadda ake koya wa ɗalibin shari'a karanta doka. Masu tsofaffin na'urori su haɗa kowane dattijon ma'aikaci da matashi kafin ya yi ritaya. Ɗalibin da ke aji ɗaya a jami'a yau, shi za a kira tsakar dare a watan Satumban 2042.