Wasan mota: A ba matasan Birnin Kudu da Gwaram fili, a raba su da kwalta

Duk wanda ya taɓa bin rakiyar amarya ko ya fita titi da yammacin ranar Sallah ya san abin da ake kira wasan mota. Yaro zai taka totur, ya fizgi birkin hannu, motar ta juya a tsakiyar kwalta tana hayaƙi, yara na ihu a gefe ba abin da ya raba su da ita sai ikon Allah. A da mukan ce wannan ta'adar 'ya'yan masu kuɗi ce a Kano da Abuja. Yanzu bidiyon TikTok ya kai ta kowane gari, wanda ba shi da mota kuma sai ya yi da babur.

A Birnin Kudu da Gwaram abin ya fi ban tsoro, domin titin da za a yi wasan a kai shi ne dai wanda manyan motoci ke bi daga Kano ta Kwanar Huguma zuwa Babaldu, wasu su nufi Ningi, wasu su yi Gwaram da Basirka. Shi ne kuma hanyar masu zuwa cin kasuwar Sara da masu kai mara lafiya asibiti.

'Yan sanda a Kano da Abuja sun sha yin gargaɗi da kame a kan wannan wasa, kuma daidai suka yi. Amma a ganina hani kaɗai ba zai kashe shi ba. Son gudu ba yau ya shigo mana ba. Kakanninmu sun yi sukuwa, sai dai sun ware mata fili da rana da masu tsawatarwa, shi ya sa ta zama abin alfahari. Abin da nake kira a yi wa mota ke nan, kuma akwai inda aka gwada aka ga amfaninsa.

A Ingila, a 1939, wasu masu ƙaramin ƙarfi suka kafa ƙungiya mai suna 750 Motor Club. Sunan ya samo asali ne daga injin wata 'yar ƙaramar mota, Austin Seven, wanda girmansa bai kai cc 750 ba. Tsofaffin da aka gaji da su suke saya da araha, su kwance jikin, su rage nauyi, su fita tsere ranar hutu. A cikin irin waɗannan mutane aka samu wani ɗalibi, Colin Chapman, wanda a 1948 ya sake ƙera wata tsohuwar Austin Seven a garejin iyayen budurwarsa. Shi ne ya kafa kamfanin Lotus a 1952. A 1957 ya fitar da Lotus Seven, mota mai kujera biyu, ba rufi, nauyinta wajen kilo 500, ana sayar da ita gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa abarsa a gida. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, har gobe kuma ana yin ta. Lotus ɗin nan da ya tashi daga gareji sau bakwai yana cin kambun kamfanoni a gasar Formula 1.

Dabarar Chapman ita ce abin lura: maimakon ƙara wa inji ƙarfi, a rage wa mota nauyi. Mota mara nauyi ta fi jin birki, ta fi shan kwana, ba ta cin taya da mai sosai. Lissafin ma ba wuya. Ƙarfin da mota ke dukan abu da shi yana tafiya ne da nauyinta, kuma idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkawa. Jif mai kilo 2,000 da ke gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na motar kilo 600 mai gudun kilomita 60 fiye da sau 13. Wanda ya san wannan ba zai bar ɗansa ya tsaya kallon wasan jif a bakin titi ba.

Kada a ɗauka ina maganar irin bikin Goodwood ne, wanda ake yi a watan Satumba tun 1998, inda attajirai ke fito da tsofaffin Ferrari da Jaguar na miliyoyin fam. Wannan ba sa'anmu ba ne. Namu tsofaffin suna nan jibge a bayan gareji, kaji na ƙwai a cikinsu: Fijo 504 da 505, Starlet, Golf ta farko da ta biyu, da 'yar ƙwaryar Volkswagen mai inji a baya. Kullum 'yan gwangwan na yanka su suna aunawa a kilo.

Fijo 504 ba ƙaramar mota ba ce a tarihin tsere. Ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, shekarar da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna. Yayarta 404 ta riga ta cin wannan gasa sau huɗu a shekarun 1960. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har bayan shekarar 2000. Motar da direbobinmu suka yi shekaru suna loda wa mutum tara da buhunan hatsi, ita ce ta kayar da manyan kamfanoni a kan hanyar burji irin tamu. Gaskiya ta fi Lotus nauyi nesa ba kusa ba, tana haura tan ɗaya, amma a cire kujerun baya da gilasai da tarkacen ciki a ga yadda za ta saki jiki.

Akwai kuma abin da ke tafiya tare da waɗannan motoci idan suka ƙare. Dattawan makanikai da ke saita kafireto da kunne, su ji ƙarar inji su faɗa maka ciwonsa, suna ta ƙarewa. Motocin yanzu sai an jona kwamfuta, yaron gareji ya koma mai canza kaya kawai. Tsohuwar mota ce ake koyon aiki a jikinta daga tushe, kayanta kuma ba su gagara a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Gasa ɗaya a shekara za ta ba bakanike da mai walda da mai faci dalilin nuna gwaninta, ta kuma sa a san sunansu.

Yadda nake hango abin ba ya buƙatar kwalta ko biliyoyi. Fili ne a bayan gari da rani, bayan an kawar da amfanin gona, a shata hanya mai yawan kwana da tsofaffin tayoyi yadda ba wanda zai samu miƙaƙƙen wurin da zai ƙure maleji. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo ne abokin karawarta, wanda ya kammala cikin mafi ƙarancin daƙiƙa shi ya ci. Haka ake yi a tudun Shelsley Walsh na Ingila tun 1905, a kan hanyar da tsawonta bai kai kilomita ɗaya ba. A ƙayyade girman inji. Kowace mota a walda mata ƙarafan kariya a ciki, direba ya sa hular kwano da bel, ya nuna lasisi, a ajiye na'urar kashe gobara. 'Yan kallo su tsaya can nesa bayan tudun ƙasa, kuma wannan sharaɗin ba sassauci a cikinsa: a gasar Le Mans ta Faransa a 1955, mota ɗaya da ta faɗa cikin jama'a ta hallaka mutum fiye da 80.

Na san abin da za a ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 magidanci ke ajiye motarsa ya hau babur, a irin wannan hali wa ke ta wasan mota? Magana ce mai nauyi, shi ya sa ban ce gwamnati ta ɗebi kuɗin asibiti ko makaranta ta zuba a nan ba. Zagayen minti biyu a ƙaramar mota bai kai man da ake ƙonawa a rakiyar amarya ɗaya ba, kuma masu sha'awa ne za su yi karo-karo. Malamai za su yi maganar almubazzaranci da jefa kai ga halaka, suna kuma da hujja a kan abin da ake yi a titi yanzu. Kamata ya yi a zauna da su tun farko, a rubuta cikin dokar gasar cewa ba caca, ba kayan maye, duk wanda aka kama yana wasa a kan titi kuma an kore shi daga fili na shekara guda. Wannan hukuncin sai ya fi tarar 'yan sanda ciwo ga yaron da ya yi wata uku yana gyaran motarsa.

Haɗari ba zai ƙare ɗungurungum ba, ko a Ingila ana jin ciwo. Bambancin shi ne wanda ya shiga fili shi ya zaɓa, yarinya mai tallar gyaɗa a bakin titi kuwa ba wanda ya yi shawara da ita.

Arewa ba baƙuwar irin wannan taro ba ce. A 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu, an yi gangamin motoci daga Abuja zuwa can ƙarƙashin hukumar NADDC, lokacin Jelani Aliyu na shugabantarta. Wannan na gwamnati ne da kamfanoni. Na kudancin Jigawa daga ƙasa ya kamata ya taso: ƙungiyar makanikai da ta direbobi su rubuta doka, ƙananan hukumomin biyu su nuna fili, hakimai su sa albarka da izinin Masarautar Dutse, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta duba motoci kafin a tashi, a nemi motar ɗaukar marasa lafiya daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ta tsaya a wurin. Mota goma ta isa a fara da ita a ranin farko, Birnin Kudu ta kawo biyar, Gwaram ta kawo biyar.