Filin kamfani ne, ba rumbun makamai ba

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta amince a watan Oktoban 2025 za ta saurari ƙarar dokar jihar Hawaii da ta hana shiga wurin wani da bindiga ba da izinin mai wurin ba, masu fafutukar riƙe makami suka dawo da tsohuwar waƙarsu. Wai su ba su da rigima da mai wuri: duk mai shago ko kamfanin da ba ya son bindiga a harabarsa, ya kafa allo ya faɗa, za su bi. Wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, kuma tarihin shekaru ashirin da suka wuce ya isa shaida.

A jihohi sama da 20 na Amurka, mai kamfani ba shi da ikon hana ma'aikacinsa ajiye bindiga a motar da ya kulle a filin ajiye motocin kamfanin. Shi ya sayi filin, shi ya zuba masa kwalta, shi ke biyan masu gadi, amma doka ta ɗaure masa hannu. Su wa suka yi wa waɗannan dokoki naƙuda? Mutanen nan dai da yau suke rantsuwa suna girmama haƙƙin mai dukiya.

Abin ya samo asali ne a 2002, a masana'antar takarda ta Weyerhaeuser da ke garin Valliant a jihar Oklahoma. An shigo da karnuka neman ƙwaya a filin motoci, sai aka ci karo da bindigogi, aka sallami ma'aikata da dama saboda karya ƙa'idar wurin. Maimakon a bar kamfani da ƙa'idarsa, a 2004 majalisar jihar ta gyara doka ta ƙwace masa ikon. Da kamfanin mai na ConocoPhillips ya tsaya a kotu yana ƙalubalantar dokar, ƙungiyar masu fafutukar riƙe bindiga ta NRA ta shelanta a 2005 cewa a ƙaurace wa gidajen mansa. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dokar. Florida kuwa a 2008 ta zarce haka: ko tambayar ma'aikaci ko akwai bindiga a motarsa an haramta wa mai kamfani. Texas ta bi sahu a 2011.

Hujjar da suke taƙama da ita ita ce wai mota tamkar ɗakin mutum ce. To, ɗakin da ke tafiya a kan tayoyi huɗu ya shiga gidan wani ya tsaya awa takwas, hukuncin wa zai bi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manajan da ya san gobe zai miƙa wa mutum takardar sallama, ya san wane ma'aikaci ne ya yi cacar baki da shugabansa jiya, ya san wace ma'aikaciya ce tsohon mijinta ke bibiyarta, shi ya fi ɗan majalisa sanin abin da ya dace da harabarsa.

Wanda ke ganin tsoro ne kawai, ya tuna ranar 8 ga Yuli, 2003, a masana'antar Lockheed Martin da ke Meridian a jihar Mississippi. Wani ma'aikaci ya tashi daga taron horaswa a fusace, ya fita zuwa motarsa, ya ɗauko bindigogi, ya dawo ya buɗe wa abokan aikinsa wuta. Mutum shida suka rasa rayukansu, sannan ya kashe kansa. Tazarar da ke tsakanin fushinsa da makaminsa ba ta wuce takun da ke tsakanin ƙofa da filin motoci ba. Da sai ya tuƙa zuwa gida, akwai damar zuciya ta huce, ko wani ya buga waya.

Za su ce ai ma'aikaci na bin hanyar daji da dare, ko yana son wucewa farautar barewa bayan an tashi. Son farauta ba ya ba kowa iko a kan filin wani. Za su kuma ce mai mugun nufi ba ya karanta allo. Da wannan hujja sai a soke kowace doka a duniya.

Ga kuma ɓarnar da suke kawar da kai daga gare ta. Motar da aka ajiye tun safe ba kowa a ciki ita ce kasuwar ɓarawo: ya fasa gilashi, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya buɗe akwatin gaban mota, cikin daƙiƙu ya ɓace. Ƙungiyar Everytown mai fafutukar tsaurara dokokin bindiga, da ta yi nazarin alƙaluman hukumar FBI na 2022, ta gano ɗan sama da rabin bindigogin da aka kai rahoton sacewa daga motoci aka ɗauke su. Birnin Memphis na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu, bayan jihar Tennessee ta sassauta dokar ajiye bindiga a mota. Makamin da aka ce na kare kai ne, shi ke ƙarewa a hannun 'yan fashi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne son kai. A Florida, kamfanin Disney ya fake da lasisin wasan wuta ya ce dokar ba ta shafi wurarensa ba. Mai ƙaramin gareji da ma'aikata goma ba shi da irin waɗannan lauyoyi, dole ya haɗiye.

Kowane hukunci kotu ta yanke a kan Hawaii, waɗannan dokokin filin mota zalunci ne ga mai wuri, haɗari ne ga ma'aikaci, kuma soke su ya kamata a yi.