RA'AYINMU: Idon Manomin Kadawa Da Toshewar Magudanar Hawaye

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, yankin Kadawa da Kura da Bunkure ya zama rumbun shinkafa da alkama da tumatir ga Jihar Kano da maƙwabtanta. To, amma akwai wata lalura da ake rainawa a tsakanin manoma, wadda kuwa tana iya raba mutum da ganinsa, watau toshewar magudanar hawaye.

Allah ya halicci ido da wata 'yar siririyar hanya wadda ke ɗauke hawaye daga kusurwar ido ta wajen hanci, ta tara shi a wata 'yar jaka, sa'an nan ta zubar da shi cikin hanci. Idan hanyar ta toshe, sai ido ya dinga zubar da hawaye dare da rana, jakar kuma ta zama matattarar ƙwayoyin cuta, har ta kumbura ta yi mugunya. An fi samun wannan ga mata masu matsakaicin shekaru da tsofaffi, da kuma jarirai.

Hatsarin ya fi tsanani ga manomi. A lokacin girbi da casa da shiƙa, ƙaiƙayin shinkafa ko tsinin zangarniyar alkama kan karce baƙin ido. A lafiyayyen ido, ƙaramin karce yakan warke cikin 'yan kwanaki. Amma idan da mugunya a maƙale a jakar hawaye, ƙwayoyin cutar kan faɗa cikin raunin, ya zama gyambo, daga nan sai hakiya ko makanta. Saboda wannan dalili ne ma likitoci ba sa yi wa mutum aikin yanar ido sai sun kawar da wannan mugunya tukuna.

Abin farin ciki shi ne cutar tana da magani. Ga jarirai, wajen tara daga cikin goma hanyar kan buɗe da kanta kafin su cika shekara guda, musamman in an koya wa uwa yadda za ta riƙa tausa gefen hancin yaron. Wanda tasa ta ƙi buɗewa, likita kan zura siririn ƙarfe ya buɗe ta. Ga manya kuwa, ɗigon magani ba ya buɗe hanyar, sai dai tiyata. Tun a 1904 wani likita ɗan Italiya mai suna Addeo Toti ya bayyana yadda ake huda ƙashin gefen hanci a haɗa jakar hawaye da cikin hanci kai tsaye. A yau ana yin aikin ko ta fata ko ta cikin hanci, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi.

Kano ba ta rasa likitocin ido ba. Akwai Asibitin Ido na ECWA da aka kafa tun 1943, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Matsalar ita ce mara lafiya ba ya isa gare su sai abu ya ɓaci, bayan an yi wa kumburin sakiya, ko an ɗiga wa idon ruwan ganye iri-iri.

Don haka wannan jarida tana kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam da su horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani yadda za su gane cutar. Gwajin ba ya bukatar na'ura: in an danna gefen hanci mugunya ta fito ta ido, to sai a tura mutum asibiti da takarda. Ya kamata a yi wannan bincike kafin lokacin girbi. Ita ma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ya dace ta sa malaman gonarta su kwaɗaitar da manoma sa tabarau wajen casa da shiƙa.

Ɗalibai da ma'aikata kuwa, wajibi ne su kai wannan bayani ga iyayensu da ke karkara. Idan hawaye ya wuce makonni bai tsaya ba, kada a tsaya jiran ya warke da kansa, a garzaya asibiti.