Samanja da Ɗalibin Hausa: Raha Ma Darasi Ce

Yawancin ɗaliban Hausa sukan ba labaran duniya muhimmanci, su ɗauki shirye-shiryen ban dariya na rediyo abin kashe lokaci. A ganina wannan asara ce. Labarai sukan zo da Hausa iri ɗaya, a tsare, daga bakin mutum ɗaya. Raha kuwa takan tara bakuna daban-daban a wuri guda, kuma ba mai jin daɗinta sai wanda ya san ƙa'idar da aka karya.

Babban misali shi ne Samanja Mazan Fama, wasan da ya yi tashe a Rediyon Kaduna, gidan da aka buɗe a 1962, ya kuma shiga talabijin. Jagoransa, marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne kuma tsohon soja, sunan Samanja ma daga muƙamin sajan manjo ya fito. Da Barikanci yake magana, wato Hausar barikin soja, inda jinsi kan rikice a ce "yarinya ya zo", ƙasa ta koma kasa, Turanci ya kutsa cikin jimla ba sallama. Ɗalibin da ya yi dariya a nan ya nuna cewa kunnensa ya riga ya riƙe bambancin "ya" da "ta", da na k da ƙ.

Wannan ya shafe mu a Tamanrasset. Hausar da ake ji a kasuwanninmu, daga bakin fataken Agadas da Tawa da Damagaram, cakuɗe take da Larabci da Buzanci da Faransanci. Wasu ɗalibai sukan ji kunyarta. Samanja yana tuna mana cewa duk inda Hausa ta zama harshen haɗuwar ƙabilu, sai ta ɗauki launin wurin, kuma wannan launi abin nazari ne.

Akwai malaman da suke tsoron kada irin wannan shiri ya gurɓata Daidaitacciyar Hausa. Tsoronsu yana da hujja idan ɗalibi ya saurara ba jagora, ya kwashi abin da ya ji ya zuba a takardar jarrabawa. Maganin abin shi ne a mai da sauraron aiki. Ana samun wasu tsofaffin sassan shirin a YouTube. Ka saurari sashe ɗaya sau biyu, na farko don nishaɗi, na biyu da alƙalami a hannu. Ka rubuta jimloli biyar yadda aka faɗe su, ka mayar da su daidaitacciyar Hausa, sannan ka bayyana abin da ya ba da dariya a kowace. Inda ka kasa bayani, nan ne nahawunka yake da giɓi, sai ka koma littafi ka cike shi.