Sharhi: Takardar Shaida Ba Ta Amsa Tambaya a Gaban Masu Ɗaukar Ma'aikata

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2023 ne Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da 'yan Nijeriya miliyan 3 kan fasahar zamani. An fara da mutum 30,000, aka kuma tsara ƙarin 270,000 a zagaye na biyu. Wannan ya buɗe wa matasan garuruwa irin su Izom, da ke kusa da Suleja a Jihar Neja, hanyar koyon rubuta manhajar kwamfuta cikin 'yan watanni ba tare da sun shiga jami'a ba.

To amma kammala horo daban, samun aiki daban. A watan Satumba na 2019, kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da sababbin masu rubuta manhaja, ya sanar da sallamar ƙananan ma'aikata kimanin 400, yana mai cewa kasuwa ta fi buƙatar ƙwararru. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa, na'ura kan yi ƙananan ayyukan da a da ake bai wa sabon shiga cikin ƙiftawar ido.

Saboda haka ranar ganawa da masu ɗaukar ma'aikata ita ce ranar hukunci. A bisa al'ada akan ba mai neman aiki matsala ya warware ta nan take, yana bayyana dalilin kowane mataki, sannan a tambaye shi abin da ya taɓa ginawa da hannunsa. Wanda ya haddace amsa kan kakare da zarar an sauya tambayar. Ba a fafe gora ranar tafiya: wajibi ne matashi ya saba da warware matsala a gaban abokansa, cikin Turancin da za a yi ganawar da shi, ya adana ayyukansa a GitHub, ya kuma tanadi wuta da layin intanet idan ta bidiyo za a gana.

A nan ne 'yan kasuwa ke da rawar takawa. Dillalin doya a kasuwar Lambata, da mai shagon kayan gini a Suleja, da mai motocin haya a hanyar Minna, galibinsu a littafi suke rubuta bashi da lissafin kaya. Idan ɗayansu ya ba matashin Izom kwangilar tsara masa manhajar lissafi, ya biya shi ko da kaɗan ne, to kowa ya ci riba. Ɗan kasuwa ya san inda kuɗinsa suka maƙale, matashin kuwa ya sami abin nunawa a Abuja: aikin da ake amfani da shi kullum, da kurakuran da ya gyara, da mutumin da zai shaide shi.

Wasu za su ce damƙa asirin ciniki ga sabon hannu kasada ce. Gaskiya ne, amma maganinta shi ne yarjejeniya a rubuce, da farawa da ɗan ƙaramin sashe, ana riƙe da tsohon littafi har a gamsu.

Gwamnati ta ɗauki nauyin horo, amma gogewa a kasuwa ake samunta. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Suleja da Gurara su tattara sunayen waɗanda suka kammala, su raba su ga shagunan mambobinsu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.