Idan yarinya ta bar kocinta, ku daina kiranta butulu

1/ Jama'a, yau ba maganar ƙwallo zan yi ba. Wasan zamiya a kan ƙanƙara nake so mu tattauna, wanda 'yan mata ke tsalle suna juyawa a iska. Ni ban taɓa taka ƙanƙara ba, a waya nake kallo a hostel idan data ta samu. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Ku biyo ni.

2/ A Mosko akwai wata koci, Eteri Tutberidze. Ɗalibarta Yulia Lipnitskaya ta ci zinaren ƙungiya a Olamfik ta Sochi a 2014 tana da shekara 15. Alina Zagitova ta ci zinare a 2018, ita ma tana 15. Anna Shcherbakova ta ci a 2022 tana 17. Iya aiki kam, babu mai ja da ita.

3/ To amma ina suke ƙarewa? Lipnitskaya ta ajiye wasa a 2017 tana da shekara 19, bayan ta yi jinyar cutar ƙin cin abinci. Zagitova ta dakatar da shiga gasa a Disambar 2019 tana 17. Wato shekarun da mu muke rubuta JAMB, su har sun gama.

4/ Dalili? Tsallen da ya fi kawo maki shi ne a juya sau huɗu a sama cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ƙaramin jiki mara nauyi ya fi saurin juyawa. Da yarinya ta fara girma sai tsallen ya fara gagararta. Daga nan sai takura abinci, sai maimaita tsalle a kan ƙashin da bai gama ƙwari ba.

5/ A Mayun 2018 Evgenia Medvedeva, wadda ta ci gasar duniya sau biyu, ta bar Tutberidze ta koma wajen Brian Orser a Toronto ta Kanada. Ta shafe kusan shekara 11 a hannunta, kuma ta yi fama da karaya a ƙafa dab da Olamfik. Me ta samu? Zagi. Wasu 'yan ƙasarta har maciya amana suka kira ta.

6/ Nan ne na saba da mutane. Koci ya ba da ilimi da lokaci, a gode masa, wannan hakkinsa ne. Amma gwiwa da ƙashin baya na yarinyar ne. Ita za ta kwana da ciwon tana da shekara 40, lokacin da kocin ya daɗe da samun wata 'yar 13.

7/ Na san wani zai ce: ai ta dawo. Gaskiya ne, Medvedeva ta koma wajen Tutberidze a 2020. Alexandra Trusova da Alena Kostornaia ma sun tafi wajen Evgeni Plushenko a 2020, suka dawo a 2021. Amma wannan bai rushe maganata ba. Wanda zai iya fita ya dawo, shi ake saurara idan ya ce ya gaji.

8/ Ku tuna Kamila Valieva a Beijin, 2022. Shekararta 15. Ana tsaka da gasa aka bayyana cewa an samu trimetazidine, wani maganin zuciya da aka haramta wa 'yan wasa, a gwajin da aka yi mata ranar 25 ga Disamba, 2021. Duk da haka aka bar ta ta shiga fili, duniya na kallonta.

9/ Ta faɗi, ta sake faɗuwa, ta ƙare a ta huɗu tana kuka. Tana fitowa kocinta ta tare ta da tambayar me ya sa ta daina dagewa. Har shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, sai da ya fito ya soki yadda aka karɓe ta.

10/ A Janairun 2024 kotun wasanni ta duniya ta dakatar da Valieva na shekara huɗu. Kocinta kuwa ba a dakatar da ita ba. Yarinya 'yar 15 ta ɗauki kayan ita kaɗai. Wannan adalci ne? Ku faɗa min.

11/ Hukumar wasan ta duniya, ISU, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17 a Yunin 2022, mataki-mataki. Madalla. Sai dai 'yar 12 tana nan tana wancan tsallen a gasar yara. A ganina sai an sa likitan da ba ya ƙarƙashin koci, kuma idan aka kama yaro da magani a fara da tuhumar manyan da ke kansa.

12/ Kuma akwai wata hanya. Alysa Liu ta Amurka ta ajiye wasa a 2022 tana 16. Ta shiga jami'a, ta huta, ta dawo a 2024 da sharaɗin za a riƙa jin ta bakinta a kan atisaye da kiɗan da za ta yi wasa da shi. A Maris 2025 ta ci gasar duniya a Boston tana 19.

13/ Don haka idan kun ga labarin wata ta sauya koci, kafin ku rubuta "butulu", ku fara tambaya: lafiyarta ƙalau? Wa ke auna abincinta? Wa take kai wa ƙara idan an matsa mata? Wanda bai yarda da ni ba ya sauko ƙasa mu yi ta, amma da hujja don Allah.