Manhajar da ba ta faɗin iyakarta

Jama'a, samarinmu na Keita da Bouza da ke saye da sayar da kuɗin kirifto na USDT a waya sun fara barin manhajojin ƙirƙirarriyar basira su ciro musu tarihin cinikinsu, kuma abin da ke damuna shi ne takardar bayanin da ake haɗa waɗannan manhajoji da ita. Ku duba kasuwar Binance. Ƙofar da take buɗe wa manhajoji tana ba da ciniki 500 a kira ɗaya, 1000 in an matsa, kuma lokacinta na UTC ne, awa ɗaya bayan agogon Nijar. In bayanin bai faɗi wannan ƙarara ba, manhajar za ta kwaso shafin farko ta miƙa maka da cikakken tabbaci, kai kuma ka lissafa riba a kan rabin gaskiya. Dillalin albasa a Madaoua ba zai karɓi littafin bashi da aka yage wa shafuka ba. Ni kam duk manhajar da ba ta rubuta adadin da take kwasowa, agogon da take bi, da ko ta cire kuɗin kamasho, ba zan ba ta mabuɗin asusuna ba, ko da na karatu ne kawai.